Yadda Ake Biyan Bil da Bashin Gida da Kati ta Kamfanin Biyan Kuɗi na Intanet

Tambayar da take ta dawowa ita ce: bankin da ya ba ni bashin gida ba ya karɓar kati, mai gidan haya ma ya ce sai cak ko tiransifa, to yaya wasu suke biya da katinsu? Amsar ita ce suna bi ta hannun wani kamfani da ke tsakiya. Kamfanin yana cire kuɗi daga katinka kamar ka yi sayayya, ya ɗora cajinsa, sannan ya aika wa mai binka kuɗin ta hanyar da yake karɓa, ko tiransifa ta banki ko cak ta gidan waya. An fi yin wannan a Amurka da Kanada, don haka misalan lissafin da dala suke, dokokin da za a ambata kuma na Amurka ne.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga nan, domin kusan duk matsalolin daga shi suke tasowa: ranar da aka cire kuɗi daga katinka ba ita ce ranar da ka biya ba. Ka biya ne ranar da kuɗin ya isa wurin mai binka, aka rubuta shi a asusunka. Tsakanin waɗannan ranaku biyu alhaki yana wuyanka, ba wuyan kamfanin ba.

Mataki na 1: Fara tambayar mai binka

Kafin ka buɗe asusu a ko'ina, duba ko wanda za ka biya yana karɓar kati kai tsaye. Kamfanonin waya, intanet da inshora da yawa suna karɓa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Wasu kamfanonin wuta da ruwa suna karɓa da ɗan caji tsayayye, wanda ba ya ƙaruwa da girman bil. Idan haka ne, babu dalilin sa ɗan tsakani. Kamfanin biyan kuɗi na wanda ba ya karɓar kati ne: bankin bashin gida, mai gidan haya, wasu makarantu, ɗan kwangila.

Mataki na 2: Yi lissafin caji kafin komai

A nan ake yanke hukunci, kuma a nan mutane suka fi yin gaggawa. Cajin katin bashi a irin waɗannan kamfanoni yana kusan kashi 3 cikin ɗari na abin da ka aika. Mu ɗauka kashi 2.9 ne, bashin gidanka kuma dala 1,500 ne a wata. Cajin zai zama dala 43.50, wato dala 1,543.50 za a cire daga katin. A shekara, cajin kaɗai dala 522 ne. Wannan kuɗi ba ya rage maka bashin gida ko da sisi.

Yanzu duba abin da katin yake mayar maka. Idan yana ba da kashi 1.5 cikin ɗari na duk abin da ka kashe, dala 23.15 za ka samu a kan wannan biyan. Ka ba da 43.50, ka karɓi 23.15, ka yi asarar dala 20.35 kowane wata. Ko katin da ke mayar da kashi 2 bai cike giɓin ba. Duk wanda yake yin wannan wata bayan wata don tara makin da kati ke bayarwa a kan abin da aka kashe, ya zauna da biro da takarda, zai ga yana sayen makin ne da tsada.

Wurare uku ne lissafin yake iya fita. Na farko, sabon kati mai tukwicin maraba. Misali, an ce ka kashe dala 4,000 cikin wata uku a ba ka tukwicin da darajarsa ta kai dala 600, kai kuma kashe-kashenka na yau da kullum ba za su kai ba. Ko da duka 4,000 ɗin ka bi da su ta kamfanin, cajin dala 116 ne, ka ci riba. Da zarar ka cika adadin, ka koma biya ta banki. Na biyu, giɓin 'yan kwanaki: albashi ko kuɗin ciniki yana tafe tabbas, amma zai iso bayan wa'adi. Idan tarar jinkiri kashi 5 ce, wato dala 75, to cajin 43.50 ya fi sauƙi. Na uku, lokacin da kamfanin ya yi rangwamen caji na ɗan lokaci.

*Gargaɗi:* duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan cewa za ka biya katin gaba ɗaya idan wa'adinsa ya zo. Idan ka bar dala 1,543.50 a kan katin da kuɗin ruwansa kashi 24 ne a shekara, kusan dala 31 za ta riƙa hawa kowane wata, bayan cajin da ka riga ka biya. Kuɗin ruwan katin bashi yakan ninka na bashin gida sau uku ko fiye. Wanda ba shi da kuɗin biyan gidan a wannan wata kuma ba ya hango su a wata mai zuwa, kati ba maganinsa ba ne. Ya kira bankin ya nemi a sassauta masa tsarin biya tun kafin wa'adi ya wuce, domin bankunan bashin gida suna da sashen da ke sauraron irin wannan.

Mataki na 3: Tabbatar katinka ya dace da irin biyan

Ba kowane kati ake yarda ya biya kowane bil ba. Kamfanonin kati suna da ƙa'idoji a kan biyan bashi da bashi, shi ya sa bashin gida ya fi kowane bil takura. Plastiq, wanda yana cikin sanannun kamfanonin wannan aiki a Amurka, ya daɗe yana karɓar Mastercard da Discover don bashin gida, ba ya karɓar Visa da American Express a kansa, alhali katin Visa ɗin nan zai iya biyan wani bil daban ba matsala. Waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, saboda haka ka buɗe shafin sharuɗɗan kamfanin ka duba abu biyu tare: tambarin katinka da nau'in biyan da za ka yi. Ka duba kuma ko katin na mutum ne ko na kasuwanci, don wani lokaci hukuncinsu ya bambanta.

Katin cire kuɗi daga asusu, wato debit, cajinsa yakan fi sauƙi. Sai dai da shi babu jinkirin biya, kuɗin daga asusunka yake fita nan take, kuma galibi babu tukwici. Idan da shi za ka biya, tambayi kanka me ya hana ka tiransifa ta banki kyauta.

Mataki na 4: Rufe ƙofar rancen tsabar kuɗi

Wannan mataki minti goma ne a waya, kuma tsallake shi yana da tsada. Bankin da ya ba ka kati yana iya ɗaukar biyan a matsayin sayayya, yana kuma iya ɗaukarsa a matsayin rancen tsabar kuɗi, abin da ake kira kash adbans, kamar ka je na'urar ATM ka zaro kuɗi da katin bashi. Idan ya faɗa rukuni na biyu, abu uku ne za su same ka lokaci guda: ƙarin caji na kashi 3 zuwa 5, kuɗin ruwa mafi tsada da ke fara hawa tun ranar ba tare da wani lokacin rangwame ba, sannan babu maki babu tukwici.

Abin da ke rarrabe su lamba ce mai alƙaluma huɗu da ke tafiya da kowane biya, tana nuna irin kasuwancin da aka biya. Ba kai kake zaɓarta ba. Abin da ke hannunka shi ne ka kira lambar da ke bayan katin, ka ce a sauke maka iyakar rancen tsabar kuɗi zuwa sifiri, ko mafi ƙarancin abin da suke yarda da shi. Idan aka yi haka, duk biyan da aka so a lissafa shi a matsayin rance zai ƙi shiga kawai. Gara kati ya ƙi a gabanka da ka ga cajin a ƙarshen wata.

Mataki na 5: Buɗe asusu da shigar da kati

Za a nemi sunanka, imel, lambar waya da adireshi, wani lokaci da hoton katin shaida. Rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunka ko ka sauke manhajarsa daga kantin manhajoji na wayarka, kada ka bi wani mahaɗi da aka turo maka ta saƙo. Sa kalmar sirri da ba ka amfani da ita a wani wuri, ka kunna tantancewa mai hawa biyu, wato neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri.

Wajen shigar da kati za ka sa lambarsa, ranar ƙarewar aikinsa, da lambar tsaro: alƙaluma uku a baya ga Visa, Mastercard da Discover, huɗu a gaba ga American Express. Adireshin da za ka rubuta ya zama daidai da wanda bankinka yake da shi, domin ana gwada su, kuma bambancin lambar gida ko lambar yanki ya isa a ƙi katin.

*Gargaɗi:* lambar da banki zai turo maka ta waya don amincewa da biya, a shafin kawai ake sa ta. Duk wanda ya kira ka yana neman ka karanto masa ita, ko da ya ambaci sunan kamfanin daidai, ɓarawo ne.

Mataki na 6: Shigar da wanda za a biya

Ɗauko takardar lissafin wata ta ƙarshe ka ajiye a gabanka, kada ka rubuta komai da ka. Abu uku kake bukata.

Na ɗaya, sunan mai karɓa kamar yadda yake a takardar. A bashin gida, wanda ke karɓar kuɗin wata-wata ba lallai ne ya zama bankin da ya ba ka bashin tun farko ba. Sau da yawa wani kamfani ne daban aka ɗora wa aikin karɓa.

Na biyu, adireshin aika kuɗi. Takardar takan ɗauki adireshi biyu ko uku: na wasiƙu da ƙorafi, na biyan kuɗi, wani lokaci da na saƙon gaggawa. Na biyan kuɗi yawanci akwatin gidan waya ne, yana jikin ɗan yankin da ake yagewa a ƙasan takardar. Cak ɗin da aka aika adireshin wasiƙu zai iya yin kwanaki yana yawo daga tebur zuwa tebur kafin ya isa inda ake shigar da shi. Idan tiransifa za a yi, sai lambar asusun mai karɓa da lambar bankinsa, wadda a Amurka alƙaluma tara ce.

Na uku, lambar bashinka ko lambar asusunka a wurin mai binka. Wannan ita ce mafi muhimmanci. Ka tuna cak ɗin ba daga bankinka zai fito ba, kuma babu yankin takardar nan da aka saba haɗawa da shi. Ma'aikacin da ya buɗe ambulan zai ga cak daga wani kamfani, abin da kawai zai haɗa shi da kai shi ne wannan lamba da sunanka. Rubuta ta cikakkiya, har da sifirin da ke farkonta idan akwai. Karanta ta sau biyu, na biyun daga ƙarshe zuwa farko, don ido yana saurin tsallake alƙaluman da aka juya. Idan sunan da ke kan bashin ba shi ne na mai katin ba, misali bashin da sunan matarka yake, rubuta sunan mai bashin a wurin ƙarin bayani.

Kamfanin zai iya neman ka ɗora hoton takardar bil ɗin, musamman a biyan farko ko babban kuɗi. Tantancewar takan ci kwana ɗaya ko biyu, ka sa su cikin lissafinka.

Mataki na 7: Ƙirga kwanaki daga baya

Fara daga ranar wa'adi ka dawo baya. Tiransifa tsakanin bankuna, wadda a Amurka ake kira ACH, takan ɗauki kwanakin aiki ɗaya zuwa uku. Cak ta gidan waya ka ba shi mako guda zuwa kwana goma, sannan ka ƙara kwana biyu na buɗewa da shigarwa. Asabar, Lahadi da ranakun hutun banki ba sa cikin kwanakin aiki. Biyan da ka tura ranar Juma'a da yamma, a aikace ranar Litinin ya fara tafiya.

Idan wa'adin 1 ga wata ne kuma cak za a aika, ka tura tun wajen 18 ga watan da ya gabata. A biyan farko ƙara kwana uku a kai.

Yawancin bashin gida a Amurka suna da rangwamen kwana 15 kafin tara ta hau, kuma sai biya ya yi jinkirin kwana 30 ake kai rahotonsa ga hukumomin da ke ajiye tarihin bashi. Adadin naka yana cikin takardar yarjejeniyar bashin, ka duba. Amma kada ka gina tsarinka a kan waɗannan kwanaki 15. Ajiye su don ranar da cak ya ɓata a hanya.

Akwai agogo na biyu, na katin. Idan biyan ya faɗa jim kaɗan bayan an rufe lissafin watan katin, zai shiga lissafi na gaba, ka samu kusan wata guda, sannan aƙalla kwana 21 da doka ta tanada tsakanin fitowar takardar lissafi da wa'adin biya. Idan kuwa ya faɗa kwana guda kafin rufewa, mako ukun nan kawai ka samu. Ga wanda giɓin kwanaki ne ya kawo shi, wannan bambanci shi ne dukan amfanin abin.

Mataki na 8: Gwada da ƙaramin kuɗi, sannan ka tura

Gwada katin da ƙaramin bil, kamar na ruwa. Bayan kwana biyu ko uku ka duba manhajar katin ka ga a wane rukuni aka sa shi, sayayya ko rance.

*Gargaɗi:* kada ka yi gwajin da guntun kuɗin bashin gida. Da yawa daga kamfanonin da ke karɓar kuɗin bashin gida ba sa lissafa biyan da bai cika ba. Ko su mayar da shi, ko su ajiye shi a wani asusun jira har sai ragowar ta zo, a takarda kuma kana nan a matsayin wanda bai biya ba. Saboda wannan dalili, kada ka raba kuɗin wata ɗaya a kan kati biyu sai ka tambaye su yadda suke yi da irinsa.

Ranar turawa, duba cewa sararin da ya rage a katin ya ɗauki kuɗin da cajin tare. A shafin ƙarshe karanta abu huɗu kafin ka danna: adadin da zai isa, cajin, hanyar aikawa, da ranar da aka ce zai isa. Bankinka zai iya tsayar da biyan don ya ga baƙon babban kuɗi. Amsa saƙonsa ko ka kira, sannan ka duba ko na farkon ya shiga kafin ka sake dannawa, kada a cire sau biyu. Ajiye rasit da lambar biyan.

Mataki na 9: Bi kuɗin har ya sauka

Saƙon kamfanin cewa an aika ba shaida ba ce cewa an karɓa. Shiga asusunka na wurin mai binka ka ga kuɗin da idonka, ka ga kuma an lissafa shi a matsayin biyan wannan wata. Idan ka ƙara wani abu don rage uwar bashi, tabbatar a can aka sa shi, ba a ajiye shi a matsayin kuɗin wata mai zuwa ba.

Idan kana da umarnin cire kuɗi kai tsaye daga asusun banki, dakatar da na wannan wata da wuri, in ba haka ba za ka biya sau biyu, dawo da kuɗin kuma yakan ɗauki makonni.

Idan kwana uku suka wuce ranar isowa babu labari, kira mai binka ka ba su adadin kuɗin da lambar cak ɗin, domin sau da yawa yana wurinsu, lambar asusu ce ba ta yi daidai ba. Idan ba su gan shi ba, nemi kamfanin ya gaya maka ko an karɓi kuɗin cak ɗin. In an karɓa, su ba ka hotonsa gaba da baya ka kai shaida. In ba a karɓa ba, su soke shi su sake aikawa ta hanya mafi sauri ko su mayar maka da kuɗinka. Idan wa'adi ya matso, biya ta banki ka kare kanka, ka bi sawun ɗayan daga baya. Kada ka fara da kai ƙarar biyan wurin bankin katinka. A idonsa kamfanin tsakiya ka biya, ba bankin gida ba, kuma ƙarar za ta iya sa kamfanin ya rufe maka asusu kuɗin yana tsakiyar hanya. Wannan mataki na ƙarshe ne, bayan kamfanin ya ƙi saurarenka.

Mataki na 10: Biya katin

Kuɗin da ka tanada don gidan, tura shi kan katin da zarar biyan ya bayyana, kada ka jira wa'adi. Kuɗin da ya kwana a asusu yana samun masu nema. Akwai kuma wani dalili: dala 1,543.50 a kan kati mai iyakar dala 3,000 ya cinye fiye da rabinta, kuma bankuna yawanci adadin ranar rufe lissafi suke kai wa hukumomin tarihin bashi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ya wuce kashi 30. Idan kana shirin neman wani bashi ko sabunta na gidan cikin watanni masu zuwa, biya katin kafin ranar rufewa, ko ka haƙura da wannan hanya har ka gama.

Idan za ka sa ya riƙa biya da kansa

Biyan wata-wata na atomatik ya dace ne da kuɗin da ba ya canzawa, kamar haya. Bil ɗin wuta da ruwa suna hawa da sauka, ba su dace da shi ba. Bashin gida kuma yana yaudara, don kamar tsayayye yake, amma idan harajin gida da inshora suna cikin kuɗin watan, ana sake lissafinsu kowace shekara. Ƙarin dala 40 da ba ka lura da shi ba ya isa ya mayar da biyanka wanda bai cika ba.

Abu biyu kuma suna karya shi ba tare da hayaniya ba. Ɗaya, katin ya ƙare aiki ko an canza maka shi, biyan ya ƙi shiga, saƙon sanarwa ya faɗa cikin tarkacen imel. Biyu, an mayar da karɓar bashinka hannun wani kamfani, da sabon adireshi da sabuwar lamba. Dokar Amurka ta ce tsohon mai karɓa ya sanar da kai aƙalla kwana 15 kafin canjin, kuma cikin kwana 60 na farko ba za a ci ka tarar jinkiri ba idan ka aika wa tsohon a kan lokaci. Kamfanin tsakiya ba ya samun wannan wasiƙa, kai kaɗai ake aiko wa. Ranar da ta iso, shiga ka goge tsohon mai karɓa, ka shigar da sabon daga farko kamar yadda aka yi a mataki na 6, sannan ka ba biyan farko ƙarin kwanakinsa.